Ranar da Na Gasa wa Baba Ƙafa

Ni mai shayi ne. Teburina yana bakin tashar mota a Wudil, ta wajen gada, kuma a kan wannan sana'a na yi aure, na haifi 'ya'ya. Dole in fara da wannan, don wanda bai san hannun mai shayi ba, ba zai gane abin da ya faru a gidanmu ba. Muna ɗaukar kofin silba cike da tafasasshen ruwa, muna juya shayi daga kofi zuwa kofi, yana fallatsar mana a yatsu, ko yarfe hannu ba ma yi. Murfin tukunya ba na neman tsumma kafin in ɗaga shi. Da can abin tinƙaho ne a wurina. In direba ya karɓi kofi ya dire da sauri yana hura yatsu, dariya nake yi masa, in ce ya je gida ya aro hannun maza.

Baba manomi ne, gonarsa tana Lajawa. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In mu biyu ne, "kai" yake ce mini. In da mutane, sai ya ce "mai shayin nan". Ƙannena su zauna kusa da shi, su sa hannu a kwanonsa, ni kuwa daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi in tashi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka taso muka tarar. Amma na kai ga furfura ta fara fito mini ban san ɗumin jikin mahaifina ba.

Cikin bazarar bara yana kai taki gona a amalanke, wata motar yashi ta danna oda a bayansu, shanun suka firgita. Ya faɗo, taya ta bi ta kan idon sawunsa na dama. Mai ɗorin unguwarmu yana ɗaga zanen da aka rufe ƙafar ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ƙashi ya leƙo waje. A asibitin garinmu ma suka wanke suka ɗaure, suka tura mu birni.

A can aka ce sai an yi tiyata, a haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Baba yana da ciwon suga, ƙodarsa ma an ce ta fara gajiya. Saboda haka wani likita, wanda aikinsa shi ne kashe ciwo lokacin tiyata, ya zo ya zauna a bakin gadon ya ce ƙwayoyin rage zafi masu ƙarfi ba za su yi wa Baba kyau ba. Ya ce akwai wata dabara. Za su zura wata siririyar roba, kamar igiyar fatsa, ta bayan gwiwa, har ta kwanta kusa da jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga ƙafa. Ɗaya bakin robar kuma a haɗa shi da wata 'yar kwalba mai laushi kamar balan-balan, cike da magani, maganin ya riƙa ɗiga a kan jijiyar kaɗan-kaɗan, dare da rana, na 'yan kwanaki, har zafin aikin ya lafa.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da ita kaɗai ta dame shi.

"Likita, zan taka ta kafin shuka? Da wannan ƙafar nake binne iri. Ta hagun ba ta iya ba."

Likitan ya yi dariya. "Baba, in aka kiyaye ta, in sha Allahu za ka taka ta a gonarka. Sungumi dai ka bar wa yara bana."

Aikin ya yi kyau. Aka fito da shi da filasta mai tauri irin ta ɗori, daga bayan ƙauri har diddige, an naɗe da bandeji, yatsu da rabin bayan ƙafar suna waje don a riƙa duba su. Kwalbar tana cikin wata 'yar jaka a rataye a wuyansa kamar laya. Na yi zaman jinya kusa da mutanen da aka yi wa irin aikinsa ba roba, na ji yadda suke nishi suna kiran sunan Allah. Baba kuwa ya ci tuwo, ya sha fura, ya yi barcinsa har da minshari.

Nas ɗin da ke kula da shi 'yar Zariya ce, sai ya samu abokiyar wasa.

"Bazazzagiya, zo nan. Ƙafar wa kika liƙa mini? Wannan ba tawa ba ce."

"Ta aro ce, Baba. Taka tana wurin gyara. In ka biya za mu ba ka."

"Na san a rina. Wanda ya ba Bazazzagi ajiyar ƙafa ai shi ya so."

"Da Bakano muka ba wa, da tuni ya kai ta kasuwa."

Ranar da za a sallame mu, ta zo ta tsaya a kaina, don ni ne mai jinya, ni ne kuma na yi firamare a gidanmu. Ta ce za mu tafi da kwalbar gida, in ta ƙare mu dawo a zare robar. Ta ce, "Ka ji da kyau, Malam. Ƙafar za ta mutu har sai maganin nan ya ƙare." Daidai nan wayata ta yi ƙara, mai kawo mini biredi ne. Na ɗaga mata hannu na ce minti ɗaya, na juya baya ina rigima da shi a kan biredin da ya kwana. Ita ta ci gaba da magana, don akwai marasa lafiya suna jiran ta, Baba kuma kunnensa ya yi nauyi, murmushi kawai yake yi mata. Da na kashe wayar ta ce, "Ka gane ko?"

Na ce, "Na gane."

Na ji kunyar in ce ta maimaita. Ba abin da ya hana ni sai wannan.

A gida 'yan dubiya suka cika zaure. Kowa yana mamakin mutumin da aka buga wa kusa a ƙashi yana zaune yana ba'a. Inna ce kaɗai ba ta yi murna ba. Da mutane suka ragu ta zauna a gindin gadon, ta kama babban ɗan yatsansa ta murza. Baba bai ko juyo ba. Ta zaro tsinken tsintsiya ta tsikare shi. Ko gezau bai yi ba.

Ta ce da Baba, "Malam, ka ji?"

"Me?"

Ta dube ni. "Me suka yi masa?"

Na ce, "Magani ne, Inna. Sun ce ƙafar za ta mutu."

"Ta mutu? Su da bakinsu suka ce ta mutu, ka ɗauko shi ka taho?"

Na yi ƙoƙarin in yi mata bayani, amma rabin bayanin nake da shi. Inna ta taɓa ganin ƙanwarta da ɓarin jikinta ya shanye, haka ita ma aka tsikare ta ba ta ji ba. Kalmar nan ta mutuwa ta shiga gidanmu ta zauna. Washegari na tarar da Baba ya ƙura wa yatsunsa ido, ya tattara goshi, yana so su motsa sun ƙi. Sun kumbura sun yi sumul. Ba'ar da yake yi duk ta tafi.

Ya ce, "Jini ne ya kwanta. Sai an gasa."

Gashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Targaɗe, kumburi, ciwon baya, duk da shi aka raine mu. A dafa ruwa, a sirka, a tsoma tsumma a matse, a danna a wurin. Kuma kowa ya san ma'auninsa: mai ciwon ne zai ce "wash", ya janye jikinsa, sai a ƙara ruwan sanyi. Ba wanda ya taɓa koya mini wannan da baki, ba wanda kuma ya taɓa tunanin ranar da mai ciwo ba zai ce komai ba.

Inna ce ke yi masa gashi tun aurensu, amma sanyin ƙashi ya kama mata hannu, ba ta iya matse tawul. Ƙannena suna gona. Baba ya kalli bango ya ce, "Kai, mai shayi. Ai ruwan zafi sana'arka ce."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Har wata rawar jiki nake yi na je na ɗora butar ƙarfe a kan garwashi. Da hantsi ne, an fitar da shi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, an ɗora ƙafar a kan turmi da aka kifa. Na juye ruwan a baho, na sirka kaɗan, na tsoma hannuna har wuyan hannu. Na ji shi daidai. Na matse tawul na lulluɓe yatsun da bayan ƙafar, na kiyaye kada bandejin ya jiƙe. Wannan ne karo na farko da na riƙe ƙafar mahaifina. Diddigensa yana cikin filasta, amma na ga kaushin da ke ƙarƙashin yatsun, na ga farcen da fartanya ta taɓa fasawa ya fito a karkace.

Na ce, "Baba, ya shiga?"

"Au, ka fara ne?"

Na sake dannawa. Ya yi 'yar dariya.

"Da irin wannan ruwan kake cutar direbobi? Ƙara wuta."

Na san Baba da dauriya. Kunama ta taɓa harbin sa a gona, ya tofa mata yawu ya ci gaba da noma. Sai zuciyata ta rabu biyu: ko dai dauriyar ce, ko kuwa jinin ya kwanta sosai, sai da zafi mai yawa zai tashi. Duka biyun abu ɗaya suka ce mini in yi. Na zubar da sirkakken, na juyo daga buta kai tsaye. Na tsoma yatsuna, na ji da ɗan zafi, amma ba wanda zai sa in yarfe hannu ba.

"Yanzu fa?"

"Kamar dai iska. Bar tsumman nan, tsoma su ciki su jiƙa."

Na sauko da ƙafar, na karkata bahon, na nutsa yatsun da rabin tafin a ciki. Na riƙe ƙaurinsa da hannu ɗaya don kada filastar ta taɓa ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan zaman. Ban san me ya buɗe bakin Baba ba, ko ganina a durƙushe a gabansa ne, ko tsoron da yake ɓoyewa. Ya fara hira. Ya ba ni labarin yadda ya samu gonar Lajawa tana fako, kowa yana yi masa dariya, ya riƙa jidar taki a kansa tun ba shi da ko jaki. Ya ce ranar da aka haife ni kunya ta hana shi zama a unguwa, ya gudu bakin kogi ya wuni wurin masunta yana taya su jan taru, alhali ko iyo bai iya ba. Ya ce da yamma ya dawo da kifi a hannu, ya rasa wanda zai ba wa, ya ajiye a ƙofar ɗaki ya sake gudu.

Na ce, "To wa ya ci kifin?"

"Kakarka. Ta cinye ta ce ɗan banza ne ya yar."

Muka yi dariya tare, ni da shi. Ruwa ya ɗan huce, na miƙa hannu na ƙaro daga buta ba tare da na daina sauraro ba. Ban so hirar ta yanke.

Inna ce ta fito daga madafa da kwanon kunu. Ta ga tururi yana tashi, ta sunkuya ta sa ɗan yatsa a bahon. Ƙarar da ta yi har maƙwabta sun ji. Kwanon ya faɗi.

"Fitar da ita! Za ka dafa shi ne? Fitar da ita!"

Na ɗaga ƙafar. Fatar ta yi ja wur, tsakanin yatsun kuma ta yi fari kamar ta kazar da aka fige. Baba ya leƙo yana tambaya, "Mene ne? Sun motsa?"

Kafin la'asar bororo ya tashi, manya-manya, wasu sun fashe. Na shafa zuma, wani maƙwabci ya ce man goge baki, shi ma na shafa. Na yafa ƙyalle a kai don kada 'yan dubiya su gani. Inna ta ce a koma asibiti. Na ce ƙuna ce kawai, sau nawa nake ƙonewa a wurin aiki ta warke. Gaskiyar ita ce ban iya tunanin tsayawa gaban nas ɗin nan in faɗi abin da na yi ba. Baba kuma ba ya jin komai, yana cin abincinsa, ba nishin da zai kore ni daga gida.

Har waya nas ɗin ta yi mini, don sukan kira su ji lafiyar masu roba.

"Malam, ya jikin abokin wasana? Yatsun lafiya? Ba su canja launi ba?"

Ina tsaye a zaure na ce, "Lafiya ƙalau. Yana gaishe ki."

Laifina na farko, gashin, kuskure ne, na yarda Allah ya san ban yi da gangan ba. Wannan na biyun ban san sunan da zan ba shi ba ban da ƙarya.

Kwalbar ta riƙa motsewa har ta lafe. Da maganin ya janye, ƙafar ta farka da duk abin da aka yi mata. Ina shirin fita wurin sana'a na ji wata murya daga ɗakin Baba, ban gane ta ba, don ban taɓa jin ta ba. Na shiga na tarar ya cije bakin filo, gumi ya jiƙa rigarsa. Da na ɗaga ƙyallen, wari ya buge ni. Yatsu biyu sun yi baƙi.

A asibiti likitan ƙashi ya kwance bandejin, ya duba yatsun. Sannan ya ce, "Wa ya sa ƙafar nan a ruwan zafi?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ni ne. Ba kowa a gida, na ja buta na tsoma."

Mutumin da ko tashi zaune sai an tallafe shi. Nas ɗin tana tsaye da almakashi a hannu, ta dubi hannuwana, ta dubi fuskata.

"Malam, ban ce maka ko garwashi ya taka ba zai ji ba? Ban ce kada ruwan zafi ko wuta su kusance ta ba?"

Na ce, "Kin ce."

A ranar na fara jin wannan maganar, amma na san ta faɗe ta, bayana ta faɗa wa ina kan waya. Baba ya yi ƙoƙarin ya tsokane ta, ya ce, "Bazazzagiya, na ɓata miki ƙafar aro." Ba ta rama ba. Ta gyara masa filo kawai ta ce, "Sannu, Baba."

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Kullum wanki, kullum allura, ana ta fama da sugan da ya ƙi sauka. Likitan ya ce da an kawo shi tun ranar, da akwai abin da za a ceto. Aka cire yatsun da suka mutu. Muka sa rai. Sai ruɓar ta haura ta tarar da ƙarfen da ke cikin ƙashi, zazzaɓi ya rufe shi, ya fara sambatu yana kiran shanunsa. Aka tara mu, ni da ƙannena, aka ce ko ƙafa ko rai.

Likitan nan mai kashe ciwo shi ya sake zuwa da robarsa. Da Baba ya gan shi sai ya ce, "Likita, mun yi da kai zan taka ta."

Likitan ya sunkuyar da kai. "Mun yi, Baba."

"To Allah bai yi ba. Sa mini abarka, ta yi mini rana wancan karon. Ba laifinta."

Ƙasa da gwiwa suka yanke. Bayan an zare robar ya riƙa cewa babban ɗan yatsansa yana yi masa ƙaiƙayi, ya miƙa hannu ya sosa katifa.

Muna asibiti aka yi ruwan shuka. Na ji ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, na ga Baba ya juya fuskarsa bango. Ƙannena suka yi shukar. Da muka dawo gida gero ya kai gwiwa, ƙaramin ƙanena ya ce zai ɗauke shi a babur ya je ya gani. Ya ce a bari sai wani lokaci. Har aka yi girbi bai je ba, bai kuma tambayi damin da aka samu ba.

Na je na durƙusa a gabansa wata rana da ba kowa. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Na faɗa masa har maganar wayar mai biredi, har ƙaryar da na yi wa nas. Ya saurara yana murza carbi.

"Ni na ce ka ƙara wuta."

"Baba, ni aka yi wa bayani."

"Na ce ni na ce ka ƙara. Na yafe duniya da lahira. Tashi ka tafi wurin sana'arka, mutane suna jira."

Na san har zuciyarsa ya faɗa, Baba ba ya magana biyu. Amma hira irin ta ranar nan ba mu sake yi ba. Ya koma kallon bango in zai yi mini magana, na koma gaisuwa daga nesa.

Abu ɗaya na roƙa aka bar mini, shi ne ruwan alwalarsa na safe. A zaune yake salla yanzu, jikinsa kuma ba ya son ruwan sanyi. Kafin in fita tasha nakan ɗumama, in sirka, in sa matata ta taɓa, don na daina yarda da hannuna. In kai masa butar, in ajiye a gabansa, in ce, "Ga shi, Baba, an sirka."

Yakan ce, "Madalla." Sai ya ɗan juya kafaɗa yadda yake zaton ba na gani, ya cire murfin butar, ya tsoma ɗan yatsa a ciki tukuna. Ni kuma in sunkuya in yi kamar ina gyara tabarma, har sai na ji ya fara zuba ruwan.